Ranar da Maruƙan Kajiji Suka Kusa Rasa Allura

Shekaru sun ja, amma ranar rabon allurar rigakafin shanu a Shagari ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni ne na zaga rugage na rubuto yawan shanu da maruƙa cikin ajami, na karanta aka shigar a rumbun bayanai na kwamfuta. A ranar mota na jira a ƙofa, ƙanƙarar maganin tana narkewa, kuma duk garin da aka ba shi abin da bai isa ba, sai baɗi.

Ma'aikacin ofis ya rubuta wa kwamfutar tambaya: ta haɗa shanu da maruƙa, ta kira sakamakon "jimla". Da ya so amfani da sunan nan a layi ɗaya don fitar da yawan kwalabe, sai ta ce ba ta san shi ba. Ya gaji, ya maimaita lissafin a wuri uku. Takarda ta fito, na duba rabon garin Kajiji.

"Kajiji kwalba shida? Wallahi ba su isa," na ce.

"Malam, kwamfuta ba ta ƙarya," in ji shi.

Sai wata likitar dabbobi, 'yar Bodinga, ta jawo kujera. Ta karanta tambayar, sannan ta nuna wa ma'aikacin wurin da yatsa. "Gaskiyarka, ba ta ƙarya. Amma wuri na ukku ka bar maruƙa waje."

Ta juyo gare ni. "Baffa, ana kiran jinjiri da suna tun ba a raɗa mai ba?"

"Ina! Sai liman ya shafa fatiha."

"To haka wagga take. Sai ta ƙare lissafi kana ta san sunanai."

Ta sa lissafin a wata ƙaramar tambaya ta ciki, ta ba shi suna sau ɗaya, tambayar waje ta riƙa kiran sunan duk inda ake bukata. Kajiji ta tashi kwalba tara. Muka ƙara uku a akwati, direba ya ja mota. Alhamdulillahi, ba maraƙin da ya koma ruga babu allura.

Har yau ina sa wa baiwar Allahn nan albarka. A wurinta na koyi cewa abin da za ka yi ta maimaitawa, ka yi shi sau ɗaya da kyau, ka sa masa suna. Kuskure a maimaici yake ɓuya, kuma wanda bai san an yi ba shi ke shan wahalarsa.