Lambar da Aka Yi Min a Mandawari

Ina saurayi, ina koyon ɗinkin babbar riga a zauren kawuna a Mandawari, agana ta shigo gari da bazara. Turawa ba su daɗe da zuwa ba a lokacin. Ba ma son kama sunan cutar, 'yan rani muke ce mata, har muna rage murya.

Wata safiya mai shela ya zaga yana cewa masu lamba, wato masu rigakafin agana, za su zauna a ƙofar gidan mai unguwa ranar Alhamis. Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Abin da ya fi tsorata mu shi ne labarin wani magini a Gwale. An yi masa lamba, damtsensa ya kumbura suntum, ya yi wata guda bai ɗaga hannu ba. Ba ƙarya ba ce, na san mutumin. Mu kuwa maɗinka, hannun nan shi ne abincinmu.

"Ba mai taɓa min hannu," in ji kawu, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba.

Ranar Laraba wani dattijo Balarabe da ke kawo mana alharini ya shigo. Iyayensa daga Turabus suka zo, amma Hausa ce a bakinsa tsantsa. Da ya ji abin da muke yi wa gardama, sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana wani ɗan tabo mai kama da sawun babban yatsa. Muka yi caa a kansa, har na bar allurata ta faɗi.

"Tun ina yaro aka yi min, da muka je can ganin dangi," ya ce. "Malam, mutum nawa ka sani da lamba ta kwantar?"

"Maginin Gwale," in ji kawu.

"Sai wa?"

Kawu ya ci gaba da ɗinkinsa.

"To, wa ka sani da 'yan rani suka taɓa?"

Nan ba wanda ya buƙaci amsa. Yayan kawu na zaune a kusurwar zauren yana murza zare da lalube. Da can shi ne gwanin ɗinkin aska takwas a duk lungunmu, cutar ta cinye masa idanu biyu. 'Ya'yan kawu biyu ma ita ta ɗauke a rani ɗaya.

"Waccan zuwa ta yi ta same mu," kawu ya ce a hankali. "Wannan kuwa ni zan miƙa hannu da kaina."

"Gaskiyarka, Malam. Ban ce maka babu wahala a cikinta ba. Duba kawai ka ga wacce ta fi cin mutane."

Makahon ya ajiye zarensa ya ce, "Da an ba ni zaɓi, da na ba da hannun wata guda, har wata uku."

Ni dai tun daga nan zuciyata ta riga ta tafi. Gari na wayewa na roƙi kawu izini. Ya yarda, amma ya ce in ba su hannun hagu.

Na yi zaton Bature zan tarar. Ashe wani malami ne Bahaushe da farar riga, da ɗan akwati a gabansa. Jama'a sun yi da'ira daga nesa, ba mai matsawa. Na kutsa, na tuɓe hannu. Ya ɗan karce fatar da 'yar wuƙa, ya shafa wani ruwa. Ko tsagar wanzami ta fi shi zafi.

"Shi ke nan?" na tambaya.

"Shi ke nan, samari. Kada ka goge da lemun tsami, kada ka sa toka. In ta yi ƙurji, ta kama."

Na koma gida kamar wanda ya dawo daga yaƙi. A kwana na huɗu wurin ya fara ƙaiƙayi, sai ƙurji ya taso fari tas. Na yi zazzaɓin kwana biyu, kaluluwa ta fito min a hammata, amma ban fasa ɗinki ba. Zaurenmu ya koma kasuwa. Marina da dukawa suna shigowa, kowa sai ya ce in buɗe ya gani. Har tsofaffi mata suka aiko a kai ni soro su duba. Ni kuwa sai buɗewa nake, baki har kunne.

Da ɓawon ya bushe, masu lamba suka sake zama, kawu ya kai yaran gida duka, sannan ya miƙa nasa hannun. Cikinmu kaf shi kaɗai ta yi wa tsanani. Hannun ya haye har gwiwa, ya yi sati uku yana jinya yana mita.

"Ka gani ko? Na faɗa muku!" yake ce wa Balaraben.

"Na gani, Malam. Kai ma ai kana gani, da idanunka biyu."

Kawu ya harare shi, dariya ta ƙwace masa.

Kafin ruwa ya sauka cutar ta shiga gidaje biyu a lungunmu, ta yi ɓarna. Allah ya tsallakar da namu. A makonnin jinyar nan, dole kawu ya miƙa min rigar wani attajiri da ya fara. Yana zaune a gefena, hannu a rataye, yana gyara min kowane ɗinki da baki. Ita ce riga ta farko da na gama da hannuna.