Faɗur a Ƙofar Gidan Hajj Isa

Har gobe ba na manta Alhamis ɗin da ma'aikatan kamfaninmu suka ci abinci tare, alhali kowa yana garin da gudu ya kai shi. Ku da kuka kama aiki bana kuna jin ana cewa faɗur na Alhamis, wato karin kumallo, kuna zaton haka aka saba tun asali. To, ga yadda abin ya faro.

Kun san riɗi muke fitarwa waje. Ni aikina duba kaya ne: in shiga gonakin Simsim da kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif, in ɗebi samfur, in auna danshi, in tace ƙasa da tsakuwa, sannan in ba da shaida. Shaidar nan ita ke tafiya wurin mai haɗa takardun fita, shi kuma ya daidaita ta da na kwastan kafin mota ta isa Bur Sudan. In ya makara, mota ta yi ta kwana a bakin tasha. Mai wannan kujera a lokacin Abdalla ne, saurayi mai kuzari, wanda a ofishinmu na Khartum shi ke yanka albasa da tumatir idan an kawo ful, dafaffen waken nan, da hantsi, yana yi yana tsokanar kowa.

Da yaƙi ya rufe ofishin, sai muka watse. Mudir, shugaban kamfanin, ya sauka Alkahira, Ustaza Safiya mai kula da ma'aikata ta tare a Bur Sudan, wasu Jidda, wasu har Kano wurin dangin kakanni. Aiki ya koma cikin waya da kwamfuta. Abdalla ya zo Gadarif, gidan baffansa Hajj Isa, can bayan unguwarmu. Ban san abin da ya gani a hanya ba, amma ya shiga ɗaki ya rufe. A taro ba ya buɗe kyamara, muryarsa da ƙyar take fita, takardu kuma suka fara makara. Na je gidan sau da yawa, sai a ce mini yana barci. Abin ya dame ni ƙwarai.

A lokacin yankan riɗi Ustaza Safiya ta kira taro ta bidiyo. Ta ce akwai wata ƙungiya ƙarama a Gadarif da ke zama da masu ciwon damuwa da waɗanda firgici ya hana barci, kuma tana neman tallafi don ta riƙa kai ziyara har Hawata. Kamfani zai ƙara daidai abin da ma'aikata suka tara. Ta ce kowa ya kawo dabarar da za a iya yi daga nesa.

Wani ya ce a yi gasar tattaki, waya ta riƙa ƙirga taku. Na ce, "Ya Ustaza, mutanen da suka tako ƙasa suna gudun rai za ki ce su sake tattaki?" Aka yi dariya, aka jefar da wannan. Wani ya kawo kacici-kacici, wani ya ce a yi gwanjon tsofaffin kaya, sai aka tuna yawancinmu ba su fito da komai ba. Can na ce, "Faɗur ya fi komai yi mana kewa. Kowa ya zauna da kwanonsa gaban kyamara, mu ci tare, kuma kowa ya tura wa ƙungiyar kuɗin faɗur ɗaya ta waya." Nan take taro ya kaure da surutu, kowa na faɗin abin da zai dafa. 

Bayan taron mudir ya kira ni ni kaɗai. "Ya Haruna, Abdalla maƙwabcinka ne. Motoci suna tsaye a Bur Sudan saboda shi. In wata ya ƙare a haka, sai in ba wani kujerar."

"Sayyid mudir, ba lalaci ba ne, ba shi da lafiya."

"To, ya je a duba shi."

Faɗa da baki da sauƙi. Na sami Ustaz Yaƙub, wanda ke jagorantar ƙungiyar, mutum mai sanyin magana da ya karanci wannan fanni. Ya ce mini, "Ai damuwarmu ke nan. Ƙofa a buɗe take, amma kowa yana tsoron a gan shi ya shigo a ce ya taɓu. Kuma ba a jawo mutum da ƙarfi." Na ce ba zan jawo kowa ba, shi dai ya zo ya ci ful tare da ni, ya yi wa ma'aikata bayanin aikinsu.

Sai na je wurin Hajj Isa na faɗa masa abin da nake so. Ya yi murmushi, ya ce shi ranar zai tafi gona da sassafe, kuma zai bar wa Abdalla gidan.

Alhamis da hantsi na sa aka tuƙa ful a babban faranti, da man riɗi da cuku da burodi, na ɗauki rakasha, keke mai ƙafa uku, tare da Ustaz Yaƙub har ƙofar gidan. Muka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, na jingina waya da dutse. Na buga sallama na ce, "Ya Abdalla, shabakar intanet ta ƙi a gidana, nan ta fi kamawa. Ga ni da baƙo a ƙofarku." Ba a buɗe ba. Duk da haka na zauna.

Aka buɗe taro, fuskoki suka cika waya. Mudir da farantinsa a wani ɗan ɗaki, Ustaza Safiya da soyayyen kifi, na Kano yana ɗaga mana ƙosai. Abin da babu wanda ya yi lissafinsa shi ne, a cikinmu babu mai iya cin abinci mutum yana wucewa bai ce masa bismilla ba. Yawancinmu kuwa a waje muke zaune don neman shabaka. Kafin ka ce me, sai "itfaddal, itfaddal" kake ji ta ko'ina. Na Jidda ya zaunar da mai gadin gidansu. Wani a Kassala ya tsayar da masu keke. Ni ma mai kurar ruwa da wasu leburorin yankan riɗi, Habashawa, suka sa hannu a farantina. Kowane baƙo sai ya tambayi dalilin taron, Ustaz Yaƙub ya yi bayani a hankali, aka yi tsit ana saurare. Mai ful ɗin da na saya wurinsa, da ya ji labari, ya aiko a ce a ba ƙungiyar kuɗinsa. Murna ta cika ni har na manta da ci.

Sai na ji ƙarar sakata. Gidan Hajj Isa ba a taɓa barin baƙo a ƙofarsa ba ruwa, kuma ranar babu namiji a gidan sai mutum ɗaya. Abdalla ya fito da jug da kofuna, ya rame, jallabiyarsa ta yi masa yawa. Ya ajiye ruwan zai juya, sai Ustaza Safiya ta hango shi.

"Abdalla ne? Ya walad, zo kusa in gan ka."

Wayar ta ɗauka da kiran sunansa. Wani ya ce tun da aka rabu ba su ci albasa mai kyan yanka ba. Ɗaya daga cikin leburorin, wanda bai san komai ba, ya matsa ya ba shi wuri, ya miƙa masa burodi. Abdalla ya tsaya jim, sannan ya durƙusa ya zauna, kusa da Ustaz Yaƙub. Ban gabatar da su ba. Ya riga ya ji bayanin duka ta bayan ƙofa.

Da aka tashi, na tafi wanke hannu na daɗe da gangan. Ina dawowa na ji Abdalla yana cewa, ƙasa-ƙasa, "Ustaz, su waɗanda ba sa barcin nan, suna warkewa?"

"Da yawa suna samun sauƙi, ya waladi. In kana so, ni zan zo nan mu sha shayi."

"Ka zo ran Asabar."

Da yamma mudir ya kira ni, muryarsa ta canja. Ya ce shi ma tun da ya bar gida shi kaɗai yake cin abinci, kuma ya ga fuskar yaron. Ya ba Abdalla hutun jinya, ya ce kujerarsa tana jiransa, aka raba takardunsa tsakaninmu. Ba a kwana ɗaya ya miƙe ba, an sha fama, wata ran gaba wata ran baya. Amma ya dawo, kuma shi ne yake karɓar shaidarku yanzu. Shi da kansa ya ce in riƙa ba sababbi labarin nan.

Abin da aka tara ya isa ƙungiyar ta fara zuwa Hawata, aka kuma mayar da faɗur ɗin na kowane wata. Ni abin da na ɗauka shi ne, a aikin nesa za ka iya karɓar takardar mutum kullum ba ka san halin da yake ciki ba. Don haka in kun ga abokin aiki ya daina buɗe kyamara, kada ku tsaya aika masa saƙo. In yana kusa, ku ɗauki abinci ku je ku zauna a ƙofarsa.