Baba Tirela da Katin Hoto

Baba Tirela ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a bayan sitiyari, yana jigilar siminti daga tashar jirgin ruwa zuwa garuruwan kan tudu. Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, sai ya koma kujerar bakin taga, yana sauraron manyan motoci daga nesa, yana faɗin wadda direbanta bai iya canjin giya ba. Matarsa takan ce gangar jikinsa ce kawai ta yi ritaya.

Autarsa, malamar asibiti, ita ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta da sitiyarin roba, ta saka masa wasan tuƙin babbar mota. Ya ce shi ba yaro ba ne. Ba a jima ba sai ga shi abinci na hucewa a gefensa, shi kuwa yana can yana ratsa wasu duwatsu da bai taɓa gani ba, rana na faɗuwa a madubin gefe.

Abu ɗaya ke ɓata masa tafiya. Da an fara ruwan sama a cikin wasan, sai hoton ya riƙa tsinkewa, motar na ɗingishi kamar tsohuwar akuya. Auta ta ce katin hoto ne ya gaza, wato na'urar da ke zana duk abin da yake gani a allo, sai an sauya shi.

Daga nan Baba ya faɗa duniyar gwaje-gwaje. Yakan kishingiɗa da waya bayan azahar, yana kallon samari suna gwada kati da kati, wanne ke fitar da hotuna da yawa a daƙiƙa, wanne ya fi tsawon layi a jadawali. Zuciyarsa ta kwanta a kan wanda ke can sama, mai fankoki jere da fitilu masu sauya launi. Idan ya lumshe ido, shi yake gani yana juyawa a hankali. Motarsa kuwa tana ajiye a gefen wata hanya cikin wasan, ya daina ko leƙa ta.

Ranar da Auta ta kai shi shagon gyaran kwamfuta, wani ɗan lungu mai ƙaurin dalma, bai tsaya doguwar gaisuwa ba ya ambaci katin. Mai shagon, wata mata mai tabarau a goshi, ta ɗauko shi ta ɗora masa a hannu. Nauyinsa kamar bulo.

"Baba, wane wasa kake yi, kuma a wane allo?" ta tambaye shi.

Da ya faɗa mata, sai ta yi masa bayani a natse. Alƙaluman da yake gani a waya, da wasannin harbe-harbe aka auna su, a kan manyan alluna. Nasa allon ba zai nuna ko rabinsu ba, katin ba zai shiga akwatin kwamfutarsa ba, ga shan wuta, batirin gidansu ba zai ɗauke shi ba.

Baba ya shafa fankokin. Sai ya tuna ubangidansa na tasha, wanda ba ya zaɓen mota sai ya ji nauyin kaya da irin hanyar. Ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ashe buhu ɗaya zan ɗauka, nake neman tirela," ya ce.

Matar ta saka wani matsakaicin kati a kwamfutar gwaji, ta buɗe wasansa, ta saki ruwan sama. Ɗigon ya gangaro a gilashi sumul, waifa na share shi, fitilun motoci na narkewa a kan kwalta. Baba ya daɗe bai ƙifta ba. Matsakaicin ya saya, ko da yake ya waiwayi babban kafin su fita.

Yanzu tsoffin abokan aikinsa kan zo da yamma su zauna bayansa, suna gardamar inda ya kamata ya taka birki. Ba ya gudu, ba ya tsere da kowa. In ya iso wata gada mai hazo a ƙarƙashinta, yakan rage tafiya, ɗakin ya yi tsit har sai sun haye.