Labo da Jitar Ayinde

Labo manomi ne a ƙauyen Ƙarfi, kusa da Malumfashi. Da damina yana cikin dawarsa, da rani kuwa yana ƙarƙashin tsamiya yana sassaƙa garaya da gurmi. Maharba da masu bori na yankin duk wurinsa suke zuwa. Abu ɗaya ya tsana a duniya, wato kaushi a wuyan abin kiɗa. Ko tsohuwar garaya ka kawo a sauya mata fata, sai ya kankare wuyan ya shafe shi da man kaɗe, ko ka sa shi ko ba ka sa shi ba. Taurin kai ne, amma shi a wurinsa kyauta ce.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, wani Bayarabe mai sayar da atamfa a Funtuwa, Ayinde, ya kawo masa jita a kasuwar Malumfashi. Wuyanta ya rabu da gangar jikin. Ya ce ta yayansa ce da ya rasu, ita kaɗai ya gada, a lallaɓa masa ita.

Labo ya ɗaure wuyan tsaf. Sai ya ga wasu 'yan ƙarafa jere a gicciye a jikin wuyan, wasu har sun cinye. Garaya ba ta da su. Ya ce lallai Turawa ba su da tausayin yatsa. Ya sa awartaki ya zare su duka, ya cike ramukan, ya goge har wuyan ya yi santsi, ƙarafan kuma ya ba maƙeri.

Da kasuwa ta zagayo ya miƙa ta yana murmushi. Ayinde ya kaɗa, sauti ya fita a karkace. Ya shafa wuyan sama da ƙasa.

"Baba, inda ƙarafan suka cinye, yatsun yayana ne suka ci su," in ji shi. "Nan nake ɗora nawa."

Labo ya garzaya maƙera, ya tarar an riga an narka su. Ayinde bai yi faɗa ba, ya rataya jitarsa ya hau motar Funtuwa, kuma hakan ya fi zagi yi wa Labo ciwo.

Ya ci gaba da sassaƙa har ya tsufa. Amma daga ranar, in an kawo masa tsohuwar garaya, ko wuyanta ya yi baƙi ƙirin da dattin hannu, ba ya taɓa shi. Sai ya fara tambaya wa ya riƙe ta kafin kai.