Tarwaɗar da Ta Ƙi Lanƙwasuwa

Na daɗe ina ciyar da kifi a wata gona kudu da Riyad ta Saudiyya, inda ruwan rijiya ke da ɗan gishiri. Mai gonar, wanda iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, ya ɗauko wani dakta ɗan Najeriya, masanin kifi, ya binciko ko tarwaɗa za ta rayu a ruwan. Ta rayu kuwa, ta yi ƙiba, wata har ta kai tsawon hannuna.

Sai aka kai kasuwa. Larabawa suka dubi gashin bakinta da fatarta mai santsi, suka wuce. Mai gona ya ce in ba masu saye, zai rufe tankunan ya shuka dabino. Ni kuwa ke nan sai komawa Maraɗi, ga tsufa, ga iyali.

Na ce wa Dakta, "Ranka ya daɗe, mutanenmu da ke unguwar Manfuha a Riyad har mafarkin kifin banda suke yi."

Ya ce, "Baba, ka iya?"

Na ce, "A bakin tafkin Madarunfa aka haife ni. Da banda uwata ta rene mu."

Gaggawa ta sa na hura wutar farko da katakon tsofaffin akwatuna masu fenti. Wata nas da ta sayi kifin ta dawo mini da shi. Ta ce, "Baba, kifi ka sayar mini ko ƙyauren ɗaki?" Har yau in na tuna sai in ji kunya. Na koma itacen ƙaya na daji.

Saura matsala guda. Mu mun saba da tarwaɗa ƙarama, a lanƙwasa ta kai ya haɗu da wutsiya, a soke da tsinke. Ta Dakta ta cika girma, sai ta karye, ga mai yana ɗiga.

Ya riƙe kai ya ce, "Wato duk wahalar da na sha don ta girma?"

Amma bai yi fushi ba. Ya koma ya sauya mata abinci, ya gano lokacin da za a kwashe ta tana daidai lanƙwasawa kamar zobe. Wannan ni ba zan iya ba, ko da za a kashe ni.

Ba a rufe tankunan ba. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, wasu ke hura wutar. Amma ranar Juma'a, in na bi lungunan Manfuha na ji ƙamshin miya yana saukowa daga bene, nakan tsaya. Na san kifina.