Farar Rigar da ke Ƙasan Akwatin Malam Kwalba

Ɗan kawuna, wanda duk makarantarsu ke kira Malam Kwalba, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ba malami ba ne, kada ya ruɗe ku. Kwalabe yake wankewa, ya goge sikeli, ya kunna murhun gas, ya kulle kabad ɗin asid. Amma in ya zura farar rigar nan ya ratso filin makaranta, makullai na kaɗawa a ƙugunsa, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro iskar da muke shaƙa. Ɗakin kuwa yana da wani wari nasa, na sinadarai da tsohon katako da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda har yau in ya tuna sai ya lumshe ido kamar an fesa masa turare.

Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko littafin fashe-fashe, mai baƙin bango, inda yake rubuta duk kwalbar da ɗalibi ya fasa: rana, aji, da yadda aka yi. Na biyu 'yarsa ta ƙarshe, Auta. Tun tana aji ɗaya a sakandare ya kai wa tela yadi aka ɗinka mata farar riga irin tasa. Ya ninke ta ya sa a ƙasan akwati, ya ce ranar da ta zama 'yar kimiyya zai sa mata da hannunsa.

Sai Auta ta tafi jami'a ta zaɓo ilimin halayyar ɗan Adam.

"Ilimin me?" in ji shi.

"Saikoloji, Baba. Shi ma kimiyya ne."

"Da me kuke awo? Akwai abin da ke tafasa? Akwai abin da ke canza kala?"

"Mutane muke nazari, Baba."

"Gwaggonki ma mutane take nazari ta taga, tun ba a haife ki ba, kuma ba wanda ya ba ta digiri."

Ya ɗana wa akwatin kwaɗo. Wasu shekara uku rigar na ciki. Auta ta riƙa mai da abin wasa, amma uwarta ta ce duk hutun da ta zo sai ta tsaya ta kalli akwatin nan. Shi ma gogan ba daɗi yake ji ba, sai dai yana da doka: kimiyya ita ce abin da in ka maimaita shi zai sake fitowa yadda ya fito. A kan wannan ko uwarsa ce ta dawo duniya ba zai sassauta ba.

A shekararta ta ƙarshe Auta ta ari littafin fashe-fashe don bincikenta. Ya ba ta yana hura hanci, a zatonsa rubutunsa mai kyau za ta nuna wa malamanta. Bayan mako biyu ta dawo ta buɗe masa wani shafi.

"Baba, me ya faru a wannan watan? Mako uku ba a fasa ko ɗaya ba."

Ya gyara tabarau. "Lokacin da mura ta dushe min murya ne."

"Nan fa?"

"Cire haƙori."

To, ku da ba ku san shi ba, ɗan kawuna yana da wata tsawa. Da ɗalibi ya ɗauki kwalba sai ya lallaɓo bayansa ya daka: "A kula! Gilashi ne!" Tsawar nan ta taɓa kashe fanka, ni shaida ne.

"Baba," in ji Auta a hankali, "ina jin kai ne kake fasa kwalaben nan."

Ya miƙe tsaye. "Ni? Da bakina? Dacewa ce kawai. Ki maimaita mu gani!"

Suka maimaita. Aji biyu, malami ɗaya, darasi iri ɗaya. A aji na farko ya yi tsawarsa son ransa, a na biyu ya kame bakinsa, bayan wata guda aka yi musanya. Shirun nan ya kusa kai shi asibiti. Hankici yake cusawa a baki, kumatunsa su kumbura, idanu su firfito, yana kallon ɗalibai suna yawo da kwalabe kamar sun ɗauko duwatsu. Amma bai yi maguɗi ba, wannan kam na ba shi. Da hannunsa ya rubuta: inda aka yi tsawa, kwalba sha ɗaya ta fashe, inda aka yi shiru, biyu.

Ranar Asabar da hantsi ya jawo akwatin tsakar ɗaki ya buɗe. Rigar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa wajen ninki, sai warin maganin asu. Ya sa wa Auta da hannunsa. Hannun rigar ya tsaya a gwiwar hannunta, maɓalli ko ɗaya bai shiga ba, don ya manta 'yar shekara sha biyu aka auna.

"Kimiyya ce," ya ce, yana gyara mata wuyan rigar, bai yarda sun haɗa ido ba. "Amma ƙarama. Ba ta da wari."

Yanzu ya yi ritaya, ɗakin gwajin ma an mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Rigar tana rataye a bayan ƙofar ofishin Auta. Shi kuwa in maiɗakinsa ta ɗauko kofunan gilashi a faranti, sai ka ga ya ciji leɓe ya kau da kai, har sai ta ajiye.