Injiniyan da Ke Tauna Laka

Idan ka ga Malam Mudathir a bayan gidansa na garin Beltsville yana yi wa yakuwa ban ruwa, ba za ka ce sai da sa hannunsa ake taɓa tudu a kusa da tashar lantarki ta nukiliya ba. Shekara ashirin da biyu aikinsa ɗaya: a huda ƙasa, a zaro dutse dogo kamar rake, shi kuma ya faɗa ko tudun zai tsaya in ƙasa ta girgiza.

Ni maƙwabcinsa ne, kuma na daɗe ina yi masa tsiya kan wata ɗabi'a. Mutum da digiri har uku, amma da ya ga laka a tsakanin dutse sai ya gutsura ya kai haƙori. Wai in ta yi garas-garas yashi ne, da sauƙi. In ta yi santsi yumɓu ne, shi kuwa yumɓu in ya jiƙa aka girgiza shi, zamewa yake da duk abin da ke kansa. Wurin kakarsa mai ginin tukwane a Zariya ya koya.

Wani azumi aka kawo masa duwatsun wani tudu da ke saman bututun ruwan sanyaya injinan wata tasha. Kwamfuta ta ce lafiya lau, manaja kuma yana son sa hannu kafin ƙarfe huɗu. Mudathir na dubawa sai ya ga wani siririn layin laka toka-toka a jikin dutsen, bai kai kaurin farce ba. Ya gutsura, har ya kai hannu baki sai ya tuna da azumi. Ya san an ce ɗanɗanawa ba ta karya shi, amma bai taɓa yi ba, ba kuma ranar zai fara ba.

Sai ya miƙa wa Rachel, abokiyar aikinsa, wadda ta fi kowa yi masa dariyar cin ƙasa. Ta harare shi, ta runtse ido, ta tauna.

"Kamar man shanu," in ji ta.

Mudathir ya mayar da biro aljihu, bai sa hannu ba. Manaja ya ce gwajin ɗakin bincike kwana goma ne, jinkirin zai iya sa a ƙwace kwangilar, har aikin Mudathir ya bi ta. Mudathir ya ce a jira. Daga baya ya gaya mini cewa tsoro ya ji sosai a kwanakin nan, ko buɗa-baki ba ya yi masa daɗi.

Sakamako ya fito, yumɓu ne. Aka kakkafa wa tudun dogayen ƙarafuna, aka yi wa ruwa hanya.

Na tambaye shi ko an ba shi lambar yabo. Ya yi dariya har ya saki tiyon ruwa.

"Wane yabo, maƙwabci? Ni in aikina ya yi kyau, ba abin da ke faruwa. Mutanen da ke zaune kusa da tashar nan ba su san sunana ba. Allah ya sa kada su taɓa samun dalilin saninsa."